Kafin Alƙalami ko Kafin Damina: Gidan Farko a Kanya Babba

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba tare da ya bi ta hannun gwamnoni ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya riga ya tayar da tambayar da aka daɗe ba a yi ba: idan kuɗin ya iso sakatariyar Babura, ko ta Roni, ko ta Gwiwa, me za a yi da abin da ya ragu bayan an biya albashi? Muhalli na cikin amsoshin da za su zo bakin jama'a da wuri. A gari irin Kanya Babba ba baƙon abu ba ne a ɗaga ranar biki don ango bai sami inda zai ajiye amarya ba, alhali an kai lefe, an kuma gama sayen kayan ɗaki. Ba jima ko ba daɗe, wani shugaban ƙaramar hukuma zai ji labarin yadda biranen ƙasashen waje ke taimaka wa masu sayen gidan farko, ya ga ya dace ya kwaikwaya. Kafin ya sa hannu a takarda, ya kamata a duba ko takalmin zai shiga ƙafar.

Ga yadda abin yake a can. Mai son gida a Amurka ko Ingila yakan je banki ya karɓi lamuni na shekara 25 ko 30, amma banki ba ya biyan kuɗin gidan duka. Sai mai saye ya fara ajiye wani kaso daga aljihunsa, kashi 5 ko 10 ko 20 cikin ɗari, wato kafin alƙalami. A biranen da gida ya yi tsada, ma'aikaci na iya ɗaukar biyan wata-wata, amma tara wannan dunƙulallen kuɗi na farko shi ke gagararsa, domin haya na cinye abin da zai tara. Nan hukuma ke shigowa. Birnin San Faransisko kan ranta wa mai sayen gidan farko har dala 500,000 don kafin alƙalami, ba a neman ko kwabo daga hannunsa duk wata, sai ranar da ya sayar da gidan ko wa'adin ya cika ya maido da uwar kuɗin tare da wani kaso na ƙarin darajar da gidan ya yi.

Dabarar tana da kyau a takarda, ta kuma taimaki iyalai na gaske. Sai dai tarihinta na da darasi. A watan Maris na 2023 jihar Kalifoniya ta buɗe irin wannan shiri da kimanin dala miliyan 300. Cikin kwana 11 kuɗin ya ƙare, iyalai dubu biyu da ɗoriya suka samu, a jihar da mutanenta suka kusa miliyan 40. Da aka sake buɗewa a 2024, sai aka koma ƙuri'a. A Ingila kuwa shirin Help to Buy ya yi shekara goma, daga 2013 zuwa 2023: mai saye ya kawo kashi 5, gwamnati ta ranta masa kashi 20, a Landan har kashi 40. Ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya gano a 2019 cewa kusan uku cikin biyar na waɗanda suka amfana za su iya sayen wani gida ko da babu shirin. Masana tattalin arziki da suka bi diddigin abin sun ga ƙarin wani abu. A Landan, inda fili ya yi ƙaranci kuma izinin gini ke da wuya, farashin sababbin gidaje ya tashi ba tare da an gina ƙari ba. A kan iyakar Ingila da Wels, inda ake da sararin gini, gidaje suka ƙaru, farashi bai motsa sosai ba. Ma'anar a fili take. Idan aka ƙara wa masu saye kuɗi alhali hajar ba ta ƙaru ba, mai sayarwa ne ke tafiya da tallafin.

To, a Nijeriya an riga an gwada cire wannan shinge, kuma ba a ga ɗan Kanya Babba ya tsallaka ba. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta tanadi ma'aikaci ya riƙa ajiye kashi 2.5 na albashinsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ya ba shi bashi da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30. A 2018 bankin ya soke kafin alƙalami gaba ɗaya ga bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, ya mayar da na sama da haka zuwa kashi 10. A yi lissafi da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Idan aka bar wa bashi kashi ɗaya bisa uku, kimanin naira 23,000 ke nan a wata, abin da zai iya ɗauka a kan kashi 6 na shekara 30 bai kai naira miliyan 4 ba. Wato wannan ma'aikaci tuni yana cikin rukunin da ba a neman kafin alƙalami a hannunsu. Abin da ke hana shi yana wani wuri dabam: gidan da zai saya ba shi da takardar mallakar da banki zai yarda da ita, babu kamfanin da ke gina gidajen sayarwa a garinsu, ofishin da zai bi takardunsa yana Dutse ko Kano, kuma shi da mahaifinsa da limamin unguwa duk sun san hukuncin kuɗin ruwa, ko da kashi 6 ne. Idan ya nufi bankin kasuwanci, inda ruwan ya bi sawun kashi 27.5 da Babban Banki ya ƙayyade a ƙarshen 2024, wannan naira 23,000 da ƙyar za ta ɗauki bashin miliyan ɗaya.

Akwai wata ƙofar da aka buɗe a 2022, lokacin da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta yarda ma'aikaci ya cire har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa ya biya kafin alƙalami. Ma'aikacin tarayya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure na iya bin ta. Malamin firamare a Kanya Babba kuwa yana ƙarƙashin tsarin fanshon Jigawa, wanda ke tara gudummawar ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi a tukunya ɗaya, ba asusun kowa da sunansa ba. Tsarin ya yi suna wajen biyan 'yan fansho a kan lokaci, amma ba shi da wani kaso da mutum zai nuna ya ce nawa ne, a ba ni in kai banki. Manomi da ɗan tireda da mai ɗinki kuwa, waɗanda su ne mafi yawan magidantan yankin, ba su cikin lissafin tun farko.

Dalilin da ya sa duk waɗannan ƙofofi suke buɗe amma babu mai shiga shi ne, a ƙasar Babura da Kazaure gida abin ginawa ne a hankali, kamar yadda ake tara hatsi a rumbu. Saurayi kan fara da ɗaki ɗaya a gidan mahaifinsa, a yanka masa sashe a ja danga ko a yi katanga. Idan gidan ya cika, sai ya nemi fili a bayan gari. Ya sayar da riɗi da kaka, ko zoɓo, ko ragon da ya yi wata shida yana turke, ya biya mai gona, dillali ya karɓi la'ada, mai unguwa da shaidu su sa hannu a takarda. Shekarar da ta biyo baya ya tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, ya dawo ya zagaye filin. Sai tubali ko bulo, gwargwadon ƙarfi, ɗari biyu bana, ɗari uku baɗi. Kwasar adashe ta zo, a kai ginin linta. Wanda ke da 'yan'uwa masu zumunci ya kira gayya ranar kwaɓa ƙasa. Babu ranar da za a ce yau aka sayi gidan, balle a ce ga kashi goma na kuɗinsa. Gini ne da ke tafiya da kaka da rani, shekara huɗu, shekara bakwai, wani ma 'ya'yansa ne ke ƙarasa shi.

Wannan hanya tana da hikimarta, domin ba ta ɗora wa mutum bashin da zai hana shi barci. Amma tana da gaɓoɓi biyu da ba sa karɓar biyan kaɗan-kaɗan. Na farko fili: mai gona ba ya sayar da rabin fuloti bana ya ajiye rabi sai baɗi. Na biyu rufi. Ana iya ɗora bulo layi-layi, amma kwano da katako da ƙusa da ladan kafinta sai an haɗa su lokaci ɗaya, kuma sai kafin ruwa ya sauka. Duk wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Babura zai ga kangaye a tsaye, an kai su linta an tsaya, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki. Idan ginin ƙasa ne, damina biyu ta ishe shi ya koma inda ya fito, wahalar shekara uku ta bi ruwa. Ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutane fiye da ɗari a Jigawa ta kuma rusa dubban gidaje, ta nuna wa kowa abin da ruwa ke yi wa gini marar kariya da unguwa marar magudana. Idan akwai abin da ya yi daidai da kafin alƙalamin Turawa a wannan yanki, to waɗannan gaɓoɓi biyu ne.

Kuma dukansu suna ƙara nisa da hannun talaka. Buhun simintin da ake saya ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar naira. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Mai tara kuɗin kwano yana gudu ne kwanon na gudu a gabansa. Fili ma ya shiga sabon yanayi. An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021, kuma jami'a ba ta zuwa ita kaɗai, tana tafe da malamai da ɗalibai da masu neman gina gidajen haya. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya ratsa ta Kazaure. Masu kuɗin Kano da na Abuja sun fi kowa sanin abin da tasha ke yi wa farashin gonar da ke kusa da ita. Kanya Babba ba San Faransisko ba ce, amma tsada ana auna ta ne da aljihun mai saye, kuma ɗan garin da ke gogayya da mai sayen fuloti goma don ya ajiye ya san yana cikin kasuwa mai tsada.

A irin wannan hali, a ce ƙaramar hukuma ta sanar da cewa za ta ba samari ɗari biyu naira dubu ɗari biyar kowanne don sayen fili. Kafin a gama karanta sanarwar a rediyo, duk dillalin da ke yankin ya ji, kuma filayen bayan gari ba su ƙaru da ko taku ɗaya ba. Abin da ya faru a Landan zai faru a nan, sai dai a ƙaramin faifai. Samari ɗari biyun za su biya fiye da yadda za su biya a da, sauran dubban da ba su samu ba za su tarar an ɗaga musu farashi da kuɗin hukumarsu. Wannan idan an ɗauka cewa kuɗin ya isa hannun masu buƙata ke nan, bai tsaya a jerin sunayen da kansiloli suka kawo ba.

Abin mamaki shi ne ƙaramar hukuma tana riƙe da abin da ya fi kuɗi amfani a wannan magana, ta kuma daɗe da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, amma sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya, don noma ko don zama, a duk wurin da gwamna bai ayyana shi a matsayin birni ba. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya lissafa mata gina tituna da magudanan ruwa, da raɗa wa layuka suna, da sa wa gidaje lamba. Da waɗannan biyu kaɗai hukuma na iya shiga gaban awon igiya, wato yanka gonaki barkatai ba titi ba kwata ba filin makaranta, wanda ya riga ya shaƙe gefen Kano. Ta auna fili a kan tudu, ta fitar da layuka masu faɗin da motar asibiti za ta shiga, ta haƙa magudana da rijiyar burtsatse, ta bar wurin masallaci da makaranta da maƙabarta, sannan ta sayar da fulotan a kan abin da ta kashe, a biya cikin kaka uku ko huɗu, kowa da takardarsa a rajista. Wannan shi ne ƙara haja a kasuwa. Yana kwantar da farashi har ga wanda bai samu ba.

Ba sabon tunani ba ne. A 1972 Bankin Duniya ya yi aikinsa na farko irin wannan a Dakar ta Senegal, inda aka yanka dubban fulotai aka kai musu hanya da ruwa aka bar mutane su gina da kansu. Unguwar Parcelles Assainies ke nan, wadda a yau take cikin mafi cikar unguwannin birnin. An soki aikin da jinkiri, kuma fulotai da yawa sun ƙare a hannun waɗanda suka fi talakan da aka nufa ƙarfi. Amma masu binciken da suka koma irin waɗannan unguwanni a Tanzaniya bayan shekaru kusan talatin sun tarar gidajensu sun fi na maƙwabtansu inganci da tsari. Titin da aka shata tun babu kowa ya fi arha nesa ba kusa ba a kan wanda za a rusa gidaje a fitar.

Inda gizo ke saƙar shi ne gonar wa za a yanka. Filin bayan Kanya Babba ba daji ba ne, gadon wasu ne, a nan suke samun geron shekara. Jigawa ta ga yadda manoma suka tashi tsaye lokacin da aka ware dubban hektoci a yankin Gagarawa don noman rake, kuma diyyar da doka ta tanada ta fi karkata ga amfanin gona da gine-gine, ba darajar ƙasar kanta ba. Shirin da zai ba saurayi muhalli ta hanyar raba dattijo da abincinsa zalunci ne da aka yi wa ado. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce mai gona ya shiga a matsayin abokin tarayya: ya kawo gonarsa da yardarsa, a auna, a mayar masa da wani kaso na fulotan bayan an kai musu hanya da ruwa, waɗanda darajarsu ta ninka ta gonar da ya bayar. Hakimi da dagaci su zama shaidu, magada duka su sa hannu, har matan da ke da rabo a gadon, domin rigimar fili da aka binne da rai takan tashi bayan shekara ashirin.

Sai rufi. A nan rance ke da wuri, amma rancen kaya. Hukuma ta sayi kwano a sari, ta ranta wa wanda gininsa ya kai linta bandir uku ko huɗu, ya maido da bandir uku ko huɗu cikin shekara uku, ko kuɗinsu a farashin ranar biya. Rancen abu a maido da irinsa sananne ne a fiƙihu, babu ruwa a ciki, kuma yana kare asusun daga narkewa: naira miliyan 50 da aka ranta aka karɓo bayan shekara uku na hauhawar kashi 30 ba za ta rufa rabin ɗakunan da ta rufa da farko ba, amma bandir bandir ne. Gaskiya ne nauyin hauhawar ya koma kan mai rance. Manomin riɗi zai iya ɗauka, tunda farashin amfaninsa na tafiya da kasuwa. Malamin makaranta da albashinsa ke tsaye wuri ɗaya zai ji jiki, kuma shi ya cancanci a tsawaita masa wa'adi ko a yafe masa wani kaso a bayyane, a rubuta a kasafi cewa tallafi ne.

Mai shakka zai ce bashin gwamnati a Nijeriya kyauta ce da ba a faɗi sunanta ba, kuma yana da hujja. Shirin lamunin manoma da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015 ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, aka yi ta fama wajen karɓo shi, don da yawa sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa. Amma mutumin da ya ƙi biyan Abuja bai taɓa tsallake zubin adashe ba, saboda uwar adashe ta san ƙofar gidansa, kuma wanda ke jiran kwasa maƙwabcinsa ne. Rancen kwano zai rayu ne idan ya ɗauki wannan siffa: a ba ƙungiyar mutum goma da suka zaɓi junansu, uku su rufa bana, na gaba su jira sai na farko sun fara biya. A liƙa sunaye a ƙofar fadar hakimi. Wanda ya ƙi biya ya san ɗakin wa ya bari a buɗe.

Saura tambayar waye mai gidan farko a ƙasar da kusan kowa ke da ɗaki a gidan gado. Ma'aunin Turawa na wanda bai taɓa mallakar gida ba zai shigo da ɗan attajirin da bai riga ya karɓi rabonsa ba, ya kuma iya fitar da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar da tumunin takaba a gidan da za a raba. Ita ce ta fi kowa buƙatar fuloti da sunanta, kuma ita ce ba ta da kansilan da zai tuna da ita. A ware wa irinta kaso tun farko. Sauran a yi ƙuri'a a bainar jama'a, ranar kasuwa, yaro ya zaro takardu daga ƙwarya kowa na kallo. A hana sayar da fulotin har shekara biyar, wanda ya matsu ya maido wa hukuma a kan abin da ya biya, a ba na gaba a layi.

Lokacin rabo ma na cikin shirin. Kasafin hukuma na farawa a Janairu, takardu su yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, sau da yawa kaya ba sa fitowa sai tsakiyar shekara. Magini a Babura yana aiki ne daga bayan girbi zuwa bazara, kuma ruwan farko kan sauka a Mayu ko Yuni. Idan ana son kwanon bana ya hau kan ginin bana, sai an saye shi da kuɗin bara, ya kwana a sito tun Disamba, a fara raba shi a Fabrairu.